Yadda Ake Wanke Giris Ɗin Ajiya Daga Sabuwar Bindigar Farauta Kafin A Fara Aiki Da Ita

Sabuwar bindigar farauta, ko wadda ta daɗe a sito ba a taɓa ta ba, takan zo a shafe da wani maiƙo mai kauri, ruwan ƙasa, mai danƙo a hannu. Mutane da yawa suna ɗauka man aiki ne da kamfani ya sa domin sassan su riƙa tafiya sumul, sai su goge na waje da tsumma su bar na ciki. Wannan kuskure ne mai haɗari. Giris ɗin ajiya aikinsa ɗaya ne, ya hana iska da laima taɓa ƙarfe yayin da kaya ke cikin jirgin ruwa ko a jibge a sito. Da zarar za a fara harbi, amfaninsa ya ƙare, kuma duk wanda ya rage a cikin bututu ko a gidan allura, wato ramin siririn ƙarfen da ke dukan bayan harsashi ya tashi, matsala ce.

Wannan bayani na mai lasisi ne. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta ce bindigar farauta, mai harsashi ɗaya ko mai watsa ƙwayoyi, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki kuma sai da na Kwamishinan 'yan sandan jiha. Idan takardunka ba su cika ba, fara zuwa hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai a Kano ka ji yadda ake ciki, sannan a zo maganar wanki.

Abin da ya kamata ka sani game da giris ɗin

Wanda aka fi sani shi ne kosmolin, da ake haɗawa daga man fetur, aka kuma yi amfani da shi sosai wajen ajiyar makamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Halinsa irin na kakin zuma ne: a sanyi ya daskare, da zafi ya narke. Yana fara narkewa ne tsakanin digiri 45 zuwa 52 a ma'aunin Salsiyas. Mu a Kano wannan sauƙi ne gare mu, domin a watan Afrilu iskar gari kanta tana kai digiri 40, ƙarfen da aka shanya a rana kuwa ya fi haka nesa. Ba kowane kamfani ke amfani da kosmolin ba. Yawancin bindigogin zamani da wani mai marar kauri suke zuwa, wanda shafa ɗaya da kananzir ke cirewa. Ka lakato kaɗan da yatsa: idan ya yi silɓi ya bi jiki, aikinka gajere ne, kana iya tsallake matakin rana da na ruwan zafi. Idan ya kama yatsa ya yi danƙo, ko ya bushe ya yi ɓawo a lunguna, to ka ware yini guda.

Dalilin da ya sa ba a barinsa uku ne. Idan yana cikin bututu, harsashi zai tarar da abin da ya tare masa hanya, ƙarfin albarushi ya ƙaru fiye da kima, bututu ya kumbura, wani lokaci ya fashe. Idan yana mazaunin harsashi, kwanson ba zai kama bangon mazaunin ba lokacin harbi, sai ƙarfin ya koma baya kan sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba domin sa harsashi. Idan kuma yana gidan allura, ko dai allurar ta yi nauyi ta kasa dukan harsashi yadda ya kamata, musamman da asubar hunturu, ko kuma ta maƙale a waje, bindiga ta tashi da kanta lokacin da ake rufe sakata. Duk ukun wurare ne da ido ba ya gani.

Kayan aiki

- Kananzir mai kyau, lita 2 ya isa. Ka saya a gidan mai da ka yarda da shi, domin wanda aka gauraya da fetur shi ne yake jawo gobarar da muke ji. In ka samu farin man da masu fenti ke wanke buroshi da shi, wanda ake kira wayit sifirit, ya fi kananzir saurin bushewa, ana samunsa a shagunan fenti na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari.
- Tsummokara na auduga masu yawa. Tsofaffin singileti sun fi komai, ko ƙyallayen farin yadi daga wurin tela. Kar ka yi amfani da yadin roba, ba ya shan mai.
- Tsohon buroshin haƙori guda biyu, ƙaramin buroshin fenti, tsinken sakace, da audugar goge kunne.
- Sandar wanke bututu ta tagulla ko mai rufin roba, da buroshinta daidai girman bututunka. In babu, igiyar nailan mai ƙwari da ɗan nauyi a bakinta.
- Tire ko kwanon ƙarfe mai faɗi na jiƙa sassa, da ƙananan gwangwanaye na zuba sukurori da sifirin.
- Tsohuwar tukunya da ba za ta sake komawa kicin ba.
- Baƙar leda babba da tsofaffin jaridu ko kwali.
- Sukuddireba mai baki daidai da sukurorin bindigar.
- Safar hannu ta roba, tabarau na kare ido, da tocila.
- Man bindiga. In babu, man keken ɗinki.
- Littafin da ya zo tare da bindigar.

Abubuwa huɗu kuma ka ajiye su nesa: fetur, soson ƙarfe, sanfefa, da soda. Fetur yana narkar da giris da sauri, shi ya sa kanikawa ke sonsa, amma tururinsa yana bin ƙasa ya kai ga wuta daga nesa, ko garwashin maƙwabciya ne. Soson ƙarfe da sanfefa suna kankare baƙin rinin da ke kare ƙarfen, kuma in ya tafi ba ya dawowa a gida. Soda kuwa tana cin alminiyom, tana ɓata katako. Tina ma ban ba da shawararta ba, tana narkar da fenti da wasu sassan roba.

1. Tabbatar babu harsashi

Ko daga kwali ka fito da ita yanzu, ka ɗauka akwai harsashi a ciki sai ka tabbatar babu. Juya bakinta inda babu kowa, cire gidan harsasai in mai cirewa ne, buɗe sakata, ka duba mazaunin harsashi da ido, ka sa yatsa ka taɓa. Harsasan da kake da su ka kai su wani ɗaki ka kulle. Ba don tsaro kaɗai ba, kananzir da mai suna iya shiga harsashi su kashe shi, rana ma ba ta yi masa kyau.

Wurin aiki ya zama fili mai iska, a inuwa, nesa da murhu, janareta da mai shan taba. Zaure ko bayan gida ya fi tsakar gida inda yara ke kai-komo. Shimfiɗa kwali a ƙasa, domin sifirin in ya faɗa cikin yashi ka rabu da shi ke nan.

2. Kwance bindigar, amma iya abin da littafi ya ce

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, ɗauki hoton bindigar da waya ta kowane gefe, kuma ka ci gaba da ɗauka duk sanda ka cire wani abu. Zare sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba domin sa harsashi. Kwance sukurorin da suka haɗa ƙarfe da ƙota, ka raba su. In akwai madubin hange, cire shi ka kai ɗaki, ba ruwansa da wannan aiki gaba ɗaya. Sukurori sau da yawa tsawonsu ya bambanta, na gaba daban na baya daban, don haka ka jera su a kan kwali yadda suka fito, ko ka soke su a jikin kwalin ka rubuta sunan wurin kowanne.

Sukuddireba mai siririn baki ko wadda bakinta ya cinye ita ce ke fara yi wa sabuwar bindiga tabo. Idan sukuru ya ƙi, kar ka yi masa ƙarfi. Galibi giris ne ya daskare a zarensa. Ɗiga masa kananzir, ka bar shi minti ashirin, zai saki.

Gidan kunama kar ka kwance shi. A cikinsa akwai ƙananan sassa da aka daidaita a masana'anta, kuma idan aka mayar da su ba daidai ba bindiga tana iya tashi ba a taɓa ta ba. Za mu wanke shi a dunƙule.

3. Kwashe mai kaurin da hannu

Bi kowane sashe da tsumma busasshe ka share iya abin da zai sharu. Inda ya taru ya yi tudu, kankare da tsinken katako ko gutsuren tsohon katin roba, ban da wuƙa. Duk abin da ka kwashe yanzu kananzir ɗinka ka tsimar.

4. Bari rana ta yi nata aikin

Wannan shi ne matakin da ya fi rage wahala, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa saboda gaggawa. Shimfiɗa jarida a cikin tire, jera sassan ƙarfe a kai, zura tiren cikin baƙar leda ka ɗaure baki, ka ajiye a rana daga hantsi zuwa azahar. Bututu ka jingine shi a karkace, bakinsa ƙasa a kan tsumma, yadda narkakken giris zai gangaro waje maimakon ya koma gidan kunama. Duk bayan minti arba'in ko awa ɗaya ka buɗe, ka goge abin da ya tsatso, ka canja jarida. Sa safar hannu mai kauri ko ka riƙe da tsumma, ƙarfen zai yi zafin da zai ƙona ka.

Leda ba don zafi kaɗai ba ce. Ƙurar garin nan in ta sauka a kan narkakken giris sai ta zama abin da ke goge ƙarfe, don haka kar ka shanya a buɗe, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu.

Wurin shanya ya zama inda idonka yake kai. Kan rufin kwano ya fi zafi, amma ba a barin sassan bindiga inda ba a gani.

Idan damina ce ko hazo ya rufe rana, na'urar busar da gashi tana yin aikin, kana hurawa kana gogewa. Kar ka kusantar da ƙarfen bindiga ga harshen wuta, ko na gas ko na gawayi ko na mai walda. Zafin wuta yana canja taurin ƙarfe, sifirin ya mutu, kuma ba za ka gane ba sai ranar da abin ya ba ka kunya ko ya ji maka ciwo.

5. Ruwan zafi ga ƙananan sassa

Idan giris ɗin tsoho ne da ya bushe ya yi tauri, tafasa ruwa a tsohuwar tukunya, sauke ta daga wuta, ka zuba ƙananan sassa na ƙarfe zalla. Bayan minti goma za ka ga maiƙon ya taso sama. Kwashe shi da gutsuren jarida kafin ka tsamo kayan, in ba haka ba za su sake ratsowa ta cikinsa. Zafin tafasasshen ruwa, digiri 100, ba ya cutar da ƙarfe ko sifirin. Abin tsoro shi ne tsatsa: ƙarfen da aka cire wa maiƙo yana iya fara yin ja cikin mintoci kaɗan. Tsamo da filaya, kakkaɓe, zafinsa zai busar da mafi yawan ruwan, sauran ka goge, ka wuce da shi cikin kananzir nan take. Katako, roba da duk abin da ke da gilashi ba sa shiga ruwan nan.

Wanda bindigarsa ba ta da busasshen giris ya tsallake wannan. Ni kaina ba na sa ruwa sai dole.

6. Wanki da kananzir

Bari ƙarfe ya huce tukuna, sannan ka koma inuwa. Kananzir yana fara fitar da tururin da ke kama wuta tun daga kusan digiri 38, wato zafin ranar Kano ya ishe shi, don haka matakin rana da na kananzir ba sa haɗuwa. Kar ka sa kwanon kananzir cikin baƙar leda wai don ya yi sauri.

Zuba kananzir a tire, jiƙa sassan rabin awa, ka bi su da buroshin haƙori. Kula da zaren sukurori, ramukan da haƙoran sakata ke shiga su kulle, da ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Wannan ƙugiya tana da ɗan sifirin a bayanta, in giris ya cika wurin ba za ta kama kwanso ba. Danna ta da tsinke kana ɗiga kananzir har sai ta koma da kanta da ɗan ƙara. Yi kwano biyu, ɗaya na wankin farko, ɗaya na ɗauraya. Idan na ɗaurayar ya fara yin ruwan shayi, ka mayar da shi na farko ka zuba sabo.

Gidan kunama kuma, riƙe shi a kan tire, ka riƙa zuba kananzir da buroshin fenti yana ratsawa yana fita ta ƙasa, kana motsa makullin tsaro gaba da baya, har ruwan ya fito fari. Kakkaɓe ka bar shi ya tsane. In kana da injin iska irin na masu faci, ɗan hura zai fitar da na lungu, sai dai ka fara hurawa a tafin hannu ka gani, domin tankin da ba a zubar wa ruwa yana feso laima.

In babu kananzir, man gas yana yi, amma ya fi jinkiri, ya fi wari, kuma sai an goge shi sosai.

7. Sakata da gidan allura

Nan ne zuciyar aikin. A cikin sakata akwai doguwar allura da sifirin mai ƙarfi, kuma masana'anta ko sito sukan cika ramin da giris. Ana iya goge bayan sakata ya yi ƙyalli alhali cikinta cike yake. Jiƙawa daga waje ba ta isa ba, sai an buɗe.

Bi littafinka sahu-sahu, domin kowace ƙira da yadda ake kwance tata. Sa tabarau, sifirin ɗin a matse yake, in ya kuɓuce yana iya tsone ido. Bayan ka zare allurar, jiƙa gangar sakata, ka zura audugar kunne da tsumma a kan tsinke cikin ramin, kana juyawa. Can ƙarshen ramin, kusa da ɗan ƙofar da kan allura ke leƙowa, nan giris ke taruwa ya dunƙule. Ci gaba da canja auduga har ta fito tas, ka haska tocila ta baya ka ga haske zagaye ta ɗan ƙofar. Duba kar zaren auduga ya rage a ciki.

Akwai ƙirar da allurarta ba ta da sifirin da ke mayar da ita baya, tana yawo ne a sake cikin ramin. Irin wannan, bayan wanki, in ka girgiza sakatar dole ka ji allurar tana ƙara tana kai-komo. In ba ka ji ba, ba ta wanku ba, kuma ita ce ƙirar da ta fi haɗarin tashi da kanta.

Idan littafi bai nuna yadda ake buɗe sakata ba, ko hannunka bai natsu ba, kai wa dillalin da ya sayar maka ko ƙwararren mai gyaran bindiga da hukuma ta sani. Wannan ba wurin koyo da gwaji ba ne, kuma ba aikin maƙerin unguwa ko kanikan babur ba ne, komai ƙwarewarsu a nasu fannin.

Wajen mayarwa, gidan allura kusan a bushe ake barinsa. Shafa ɗigon mai ɗaya a yatsa, ka murza allura da sifirin, ka goge da tsumma. Mai da yawa a nan yana tara ƙura, ka koma inda ka fito.

8. Bututu da mazaunin harsashi

Ana wanke bututu daga baya zuwa gaba, ta hanyar da harsashi ke bi. Leɓen bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in sanda ta goge shi ta gefe ɗaya saiti ya lalace. Yanka ƙyalle ƙarami, jiƙa da kananzir, tura shi a hankali har ya fita ta baki, ka cire shi a can, kar ka jawo shi baya da dattinsa. Na farko da na biyu za su fito da curin giris. Bayan ƙyalle uku ko huɗu, sa buroshin tagulla ka bi sau biyar zuwa goma, kowane zuwa ka bari ya fita gaba ɗaya kafin ka dawo da shi, domin juya buroshi a tsakiyar bututu yana lanƙwasa gashinsa ya maƙale. Sai ka koma ƙyalle jiƙaƙƙe, sannan busasshe, har ya fito fari.

Ɗaga bututun ka leƙa ta baya, ka sa farar takarda a gaban bakin domin ta mayar da haske. Ya kamata ka ga zanen nan da ke murɗe a ciki fes, gefunansa a fili. In ka ga wani wuri ya dushe ko ya yi tabo ruwan ƙasa, akwai saura.

Mazaunin harsashi ya fi bututu faɗi, saboda haka ƙyallen da ya wuce ta ciki bai taɓa bangonsa ba. Naɗe tsumma a kan tsinken katako ko a kan buroshi mai ɗan girma, ka murza a ciki, ka canja, har ya bushe ƙayau. Ka taɓa da ɗan yatsa, in ka ji danƙo ka sake.

Mai amfani da igiya maimakon sanda ya ɗaura nauyin tagulla ko dalma, ba ƙusa ba, ya sako ta baya, ya ja ta baki a miƙe ba tare da igiyar ta goga leɓe ba. Ƙyallen ya zama ƙarami. Babban ƙyalle a bututun da ke cike da giris yakan cije, igiya ta tsinke. In haka ta faru, ɗiga kananzir ta ɓangarorin biyu, ka bar shi ya kwana, a turo shi da sandar tagulla. Kar ka tura rodi ko waya, kuma ko da wasa kar wani ya ce maka a harba harsashi ya fitar da shi. Bindigogi da hannaye sun salwanta ta wannan hanya.

Masu bindiga mai baki ɗaya ko baki biyu da ake karyawa a sa harsashi, naku ya fi sauƙi tunda bututun ba shi da zane, amma ku duba ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗago kwanso da ramukan allura. Mai bindigar iska kuwa ya kiyaye: kananzir ko mai ba sa shiga ramin da iska ke fitowa, suna ɓata robar ciki, kuma matsin iskar yana iya kunna su.

9. Ƙota

Ƙotar roba sai ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a shanya a inuwa. Ta katako ita ce ke cin lokaci, domin katako yana shan giris har cikin jijiyarsa. Naɗe ta da jarida, sa a baƙar leda, ajiye a rana awa ɗaya, fito da ita ka goge gumin da ta yi, ka sake. Tsohuwar ƙota tana iya ɗaukar kwanaki tana tsatsowa. Kar ka bar ta yini guda cur a rana, katako yana tsagewa ko ya karkace, kuma kar ka jiƙa ta a ruwa ko a kananzir. Tsumma mai ɗan damshin kananzir ya isa goge bayanta da cikin kwarin da ƙarfe ke kwanciya. Idan ƙotar sabuwa ce mai sheƙin fenti, giris bai shige ta ba, shafa kawai za ka yi, ba sai an kai ta rana ba.

In katakon ya yi fari ya bushe bayan aiki, ɗan man shafa wa katako da ake kira linsid dafaffe a tafin hannu, a murza, a goge rarar bayan minti ashirin. Tsumman da ya sha linsid kar ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Baza shi a ƙasa ya bushe ko ka jiƙa shi a ruwa.

10. Shafa mai, a ranar

Ƙarfen da ka wanke yanzu ba shi da kariya, ko gumin yatsa yana bar masa tabo. Kar ka ce sai gobe. Ɗiga mai a tsumma, ba a kan bindiga ba, ka bi duk bayan ƙarfe, har da ƙarƙashin bututu da ƙota za ta rufe. Ya yi sheƙi amma kar ya jiƙa yatsa. Inda ƙarfe ke goga ƙarfe, kamar hanyar sakata, ɗigo ɗaya-ɗaya. Cikin bututu ka wuce da ƙyalle mai ɗan mai sau ɗaya domin ajiya.

Man gyaɗa, man ja da man shanu ba na bindiga ba ne, suna daskarewa su yi danƙo su kuma lalace. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da datti. Yawan man ma ya danganta da lokaci: da hunturu a rage sosai saboda ƙura, a watannin Yuli da Agusta kuma a riƙa duba ta kowane mako saboda laima.

11. Haɗawa da gwaji ba harsashi

Bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Sukurorin ƙota ka ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, kar ka ƙure ɗaya kafin ɗaya. In wani abu ya ƙi shiga, ba a daidai yake ba, kar ka buga.

Sake tabbatar babu harsashi, bakin bindiga na kallon inda babu kowa. Ja sakata ka mayar sau da yawa, ka ji ko tana tafiya ba cijewa. Sa makullin tsaro ka ja kunama, bai kamata ta saki ba. Ɗage yatsa, cire makullin, nan ma bai kamata ta saki da kanta ba. In ɗayan biyun ya faru, ajiye bindigar, sai ƙwararre ya gani. Ƙananan bindigogi masu harsashin .22 da allura ke duka a gefen kwanso, ka guji sakin kunamarsu babu komai a ciki, yana iya ɓata allura da bakin mazauni. Tsohuwar bindigar da ta daɗe a sito kuma, ko ta wanku tas, ƙwararre ya auna tazarar da ke tsakanin sakata da mazauni kafin a sa mata harsashi.

12. Shara da ajiya

Kananzir ɗin da ka yi wanki da shi kar ya shiga kwata. Juye a galan mai murfi, ka rubuta a jiki, bayan kwana biyu dattin zai kwanta, na saman ya sake yin wankin farko. Kar a zuba shi a fitila ko risho, kuma kar a ajiye shi a robar lemo ko ta ruwa inda yaro zai ɗauka abin sha ne.

Kwanakin farko ka jingine bindigar bakinta ƙasa a kan tsumma, domin rarar mai ta gangaro waje, kar ta shiga katako ta ruɓar da shi. Jakar fata ko mai soso ta tafiya ce, tana riƙe laima, ba a barin bindiga a ciki. Akwati mai kulle, da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, harsasai kuma a wani wurin daban mai nasa makulli.

Ranar harbin farko, a wurin da doka ta yarda, kafin ka sa harsashi wuce da busasshen ƙyalle cikin bututu da mazauni ka cire man ajiya, ka leƙa ka tabbatar hanya a buɗe take. Harba ɗaya ka tsaya, ka ɗauki kwanson ka duba. Ya kamata ya fito ba da kokawa ba, jikinsa ba maiƙo, ba kumburi ba tsagewa, kuma tabon allura a bayansa ya lotsa sosai. Tabo marar zurfi yana nufin akwai sauran giris a gidan allura. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, ci gaba da riƙe bakin a inda ka saita na aƙalla daƙiƙa 30 kafin ka buɗe sakata. Bayan 'yan harbe-harbe ƙarfe zai yi zafi, kana iya ganin sabon maiƙo ruwan ƙasa yana tsatsowa daga mahaɗar bututu ko ƙarƙashin ƙota. Na lungun da ya ɓuya ne, ka goge shi, in ka koma gida ka maimaita mataki na 6 zuwa na 8.